Almakashi a Kan Faranti

Motar ta sake shan kwana, Teófilo ya sake dafe aljihun rigarsa. Zoben yana nan. Tun daga birnin Callao na bakin teku yake shafa shi, tun hazon teku bai sake su ba, har suka fara hawan duwatsu rana ta buɗe. Zenaida na gefensa, 'yarta Dalia na barci a cinyarta, gashin yarinyar da ba a taɓa sa wa almakashi ba ya zubo har gadon baya.

"Cikinka ne ke juyawa?" in ji Zenaida.

"Hanyarku ce. Wa ya aike ku yin gari a bayan wannan dutsen?"

"Mutumin teku ke nan. Sai ƙarnin kifi da surutu."

Kifi yake sayarwa a kasuwar bakin tashar jiragen ruwa, ita kuma tana matse lemo a rumfar da ke kusa da tasa. Mijinta ya rasu Dalia na goye. Tun daga lokacin Teófilo ne mai ɗauko mata ruwa, shi ne mai gyara rumfa, shi ne mai sayen takalmin Dalia, amma bakinsa ya kasa furta abin da ke ransa. Da ta ce ya zo ranar Lahadi su je kwarinsu na Canta su sha iska su dawo da yamma, bawan Allah sai ya sayo zobe. Ya tsara komai: bakin rafi, su biyu, ya faɗa mata.

Ashe ba shan iska ba ne. Gidan mahaifiyarta, Doña Primitiva, cike yake maƙil, ga masu goge, ga hayaƙi na tashi daga ramin da aka binne nama da dankali a kan duwatsu masu zafi. Kawun Zenaida, Don Eleuterio, wani tsoho mai jan hanci, ya rungume shi kamar zai karya masa haƙarƙari, ya danƙa masa kofin giyar masara.

"Ga babban baƙo. Sha, ɗan birni, kada iskarmu ta kayar da kai."

Mata suka ɗauke Dalia suka shiga yi mata ƙananan kitso, kowane da jan zare a bakinsa. Aka shimfiɗa bargo a tsakar gida, aka ajiye faranti, a kan farantin almakashi. Teófilo ya yi murmushi.

"Au, askin farko za a yi mata? Wane ne uban askin?"

Don Eleuterio ya ƙyalƙyale da dariya. "Ji shi. Wa muka yanka wa rago in ba kai ba?"

Kofin ya kusa suɓuce masa. Haihuwar birni ne, amma uwarsa 'yar duwatsu ce, ba ya buƙatar bayani. Wanda ya yanke kitson farko ya zama uban yarinya, ya zama kompadre ga uwarta. Kompadre da komadre kuwa wa da ƙanwa ne har kabari, ba aure tsakaninsu, ko a mafarki.

Ya ɗaga kai. Dutse a gabas, dutse a yamma, sama 'yar siririya a tsakani. Motar komawa sai yamma. Ƙofar gidan ma wasu tsofaffin mata sun zauna sun toshe ta.

A madafa ya sami Zenaida, ita kaɗai, tana niƙa barkono a kan dutse.

"Mama ce ta zaɓe ni?"

Ba ta ɗago ba. "Ni ce."

"Kin san abin da ke aljihuna?"

"Duk kasuwa ta sani, Teo. Tun a mota kake shafa shi kamar mai ciwon zuciya."

"To me na yi miki?"

"Alheri." Ta tsayar da niƙan. "Na yi ta ƙoƙari in so ka irin wannan son, bai zo ba. In ka tambaye ni na ce a'a, ka daina zuwa rumfata, Dalia ta yi ta cigiyarka. Ba zan iya aurenka ba, kuma ba na son in rasa ka. Wannan hanyar kaɗai na sani."

"Da kin bar ni na tambaya ma, ko don in ji da kunnena."

"Kana iya ƙi," in ji ta a hankali. "Ba wanda zai ɗaure ka."

Ƙarya take, su biyun sun sani. Yarinyar da aka yi wa kitso aka tara gari, sannan uban aski ya juya baya, har ta tsufa a kwarin nan da wannan za a riƙa kiranta. Haushi ya kama shi, haushin Zenaida da haushin kansa, ya rasa wanne ya fi.

Doña Primitiva ta leƙo. "Ɗana, nama zai ƙone. Ba a buɗe rami sai an yi aski."

Dalia na zaune a kan bargo, kai duk jan zare, idanu sun ciko da hawaye don tsoron taron. Da ta hango shi sai ta saki fuska, ta miƙo hannu biyu.

"Kawu Teo, da zafi?"

"Ba zafi, 'yar kifina. Rufe ido."

Ya durƙusa. Ya ɗauki almakashin, ya kama kitson farko. Almakashin ya ce ƙyas, kitson ya faɗo a tafinsa, mara nauyi. Goge ya tashi, mata suka hau tafi.

Don Eleuterio ya turo farantin gabansa, Teófilo ya sa kitson a kai. Uban aski ne ke fara ajiye wa yarinya kyauta, kafin kowa ya yanki nasa kitson. Teófilo kuwa bai zo da shiri ba, wa ya gaya masa? Duk taro na kallonsa. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro abu ɗaya da ya zo da shi, ya ajiye kusa da kitson.

"Zinariya ce fa," in ji tsohon, yana ɗaga zoben kowa ya gani. "Yarinyar nan ta yi uba."

Zenaida ta matso, hannunta duk barkono, ta rungume shi irin rungumar da al'ada ta ce, kafaɗa da kafaɗa. Bai taɓa jin ɗuminta kusa haka ba.

"Na gode, kompadre," in ji ta.

"Ba komai, komadre."

Aka miƙa almakashin ga na gaba.