Sabon Injin Sai-an-tura

A shekarun da suka biyo bayan babban farin nan, duk garin Kwaya mota ɗaya ce, ita ce a-kori-kurar Sallau. Kiranta mota ma kara aka yi mata. Ƙarama ce, tsohuwa, launinta na asali ba wanda ya iya tunawa. Tun da Sallau ya sayo ta a hannun wani ɗan kasuwar Damagaram ba ta taɓa tashi da makulli ba, shi ya sa gari ya raɗa mata suna Sai-an-tura. A kan tudun bakin rijiya take kwana, hancinta na kallon gangare. Ranar kasuwar Magarya, da gari ya waye, maza da mata su jeru a bayanta, a yi bismilla, a tura. Ta yi tari, ta fesa wa kowa baƙin hayaƙi, ta kama, sannan a bi ta da gudu ana ɗarewa ana dariya.

Akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Masu buhuna suna biyan kaya, amma wanda ba shi da hali, in dai ya sa hannu ya tura, to ya riga ya biya mazauninsa. Sallau bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Shi dai abin da ya sani, turin nan ya ishe shi. Direbobin Mallawa da na Bande in sun haɗu a tasha ba su da abin tsokana sai shi. Har akwai mai tambayarsa wai mutum nawa motarsa ke sha a kilomita.

Cikin masu turin akwai Bappa Hamman, dattijon Bafulatani mai ruga a bayan gari, aminin mahaifin Sallau tun suna samari. Kafin fari, garkensa sai ka hau tudu kake ganin ƙarshensa, kuma ba baƙon da ya taɓa fita rugarsa da ƙwarya wayam. Fari ya bar masa 'yan shanun da ba su cika turke ba, sai gonar gero, sai kuma wani gyambo a ƙwauri da likitan Magarya ke wanke masa duk ranar kasuwa. Ba ya fashin turi. Zai jingine sandarsa a cikin mota, ya dafa da hannu biyu, ya yi nishi fiye da kowa, ko da yake Allah ya sani ƙarfin da yake sawa ba zai motsa jaki ba.

Wata rana Alhassan bakanike, mai gareji a gindin tsamiya a Magarya, ya ja Sallau gefe ya ɗaga wani tsohon buhu. Ƙarƙashinsa inji ne sabo fil, na wata babbar mota da ta kife a tsallaken iyaka, jikinta ya murƙushe amma cikinta ko ƙwarzane babu. Sallau ya tsuguna ya shafa shi. Nan take ya ji ya kamu da son abin nan, irin son da ba a shawara da kowa.

"Zai shiga?" ya tambaya.

"Ba zai shiga ba," in ji Alhassan. "Amma za mu shigar da shi."

Aka ɗaura sarƙa a reshen tsamiya aka zaro tsohon injin, baƙi ƙirin, yana ɗigar mai. Da aka sauko da sabon, sai ya tsaya cak a bakin ramin, kamar an ce bijimin sa ya shiga akurkin kaji. Alhassan bai ko yi tsaki ba. Ya kunna wutar walda ya yanke nan, ya buɗa can, ya matsar da lagireto, mazubin ruwan sanyaya inji, gaba har ya kusa leƙo waje. Ƙafafun da inji zai zauna a kai ba su dace ba, sai ya kai wa maƙeri guntayen sifirin mota aka lanƙwasa sababbi a maƙera, yadda ake ƙera garma. Sallau ya tare a gindin tsamiyar nan har matarsa Huraira ta aiko a tambaye shi ko ya sake gari ne.

Da komai ya zauna, sai murfin gaba ya ƙi rufuwa, kan injin ya yi tsayi. Alhassan ya huda murfin, ya samo wani kwanon ƙarfe ya kifa a kan hujin ya liƙe. Mota ta yi tozo. Ya miƙa wa Sallau makulli ya ce, "Murɗa." Sallau ya murɗa. Mota ta ɗauka tun kafin ya saki, da wani gurnani mai sanyi da bai taɓa ji ba. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ranar da ya shigo Kwaya, rairayin bakin gari da ya saba riƙe shi ya ratsa shi kamar ba a wurin yake ba. Mata suka yi guɗa, aka zagaye tozon ana shafawa. Sallau ya hau bayan mota ya ɗaga makulli sama, don shi dama ba mutum ne mai iya riƙe farin ciki a ciki ba.

"Jama'a, daga yau turi ya ƙare! Wanda ya ƙara ganin an tura motar nan, ya tuɓe mini hula a tsakiyar tasha!"

Ranar kasuwa ta zo. Mutane suka taru a bakin rijiya kamar kullum, wasu har sun naɗe hannun riga don sabo. Sallau ya murɗa makulli, mota ta tashi, ya ce kowa ya hau, yau ta murna ce. Aka hau. Bappa Hamman kaɗai ya tsaya riƙe da sandarsa.

"Bappa, bismilla, ga gaba na ajiye maka."

"Madalla, ɗana. Yau ina da ɗan uzuri a ruga. Allah ya kiyaye hanya."

Kasuwa ta gaba ma bai zo ba, wai ya ce ƙafa ta yi sauƙi. Sallau ya yarda, har ya yi hamdala. Huraira ce ta kawo masa tuwo ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Malam, kai dai injin nan ya toshe maka kunne. Matar Bappa ta kawo nono ɗazu. Ƙafa ta kumbura har ba ya sa takalmi. Ya ce jibi da ƙafa za shi Magarya."

"Da ƙafa? Ga mota? Ni na ce ya biya wani abu ne?"

"Ai abin kenan. Kana tsammanin mutumin da ya ciyar da rabin garin nan zai hau motar ɗan amininsa kyauta, a gaban mutane? Fulako ba zai bar shi ba. Da yana turawa, ya san da guminsa ya hau. Kai ka zo da makullinka ka ƙwace masa."

Sallau ya ajiye lomar da ya ɗauka. Kunya ta kama shi, da tsoro kuma, don ya san tafiyar Magarya a cikin rairayi da irin wannan ƙafa tana iya zama sanadin rasa ta. Ya yi tunanin zuwa ya roƙe shi, ya san a banza ne, sai dai ma ya ƙara masa nauyi. Ya yi tunanin aika amalanke, ita ma ai kyauta ce.

Ranar ta zo, ranar kasuwa ce, da sassafe mota ta cika maƙil, har da wani direban Mallawa da tasa ta lalace ya biyo su, shi ne ma sarkin masu tsokanar. Ba su yi nisa da gari ba suka hango Bappa Hamman a gefen hanya, yana ɗingishi, ya rataya takalmi ɗaya a sanda. Ya ji ƙarar mota bai waiwayo ba, sai ya ratse gefe ya ba ta hanya.

Sallau ya wuce shi kaɗan, daidai inda hanya ta fara gangarawa. Ya dubi tozon motarsa, ya dubi direban Mallawa da ke zaune kusa da shi. Sannan ya faki ido ya kashe makulli.

Mota ta yi shiru. Ya fito ya buɗe murfi, ya leƙa, ya taɓa wannan waya ya taɓa waccan, ya dafe kai.

"Ta yi pan, jama'a, ta mutu. Sai an tura."

Kai, zo ka ga dariya! Direban Mallawa ya faɗo daga mota yana riƙe ciki, ya miƙa hannu ya tuɓe hular Sallau tun ba a kai tasha ba. Wani ya ce dama suna ba ya ƙarya. Wata ta ce ashe tozon na ado ne. Sallau ya tsaya da kai a buɗe, rana na dukan sanƙonsa, ya shanye duka. Huraira, da ke zaune a kan buhun wake, ta ja gyale ta rufe baki.

Mutane suka jeru a baya. Sallau ya waiwaya ya ɗaga murya.

"Bappa, don Allah a taimaka mana da hannu, ta yi nauyi yau!"

Dattijon ya ƙaraso a hankali. Ya jingine sandarsa a cikin mota, ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya, ya dafa da hannu biyu. Aka yi bismilla. Ya yi nishin nan nasa da ya fi na kowa. Sallau ya bari ta ɗan gangara, ya mayar da makulli, ya saki kuloci, mota ta kama. Aka yi ihu ana ɗarewa, direban Mallawa ya koma baya don ya ji daɗin ba da labari, Bappa Hamman kuwa ya buɗe ƙofar gaba ya zauna ba tare da an ce masa bismilla ba.

Suka yi tafiya mai nisa. Injin na ta gurnaninsa lafiya lau, yana cin rairayi. Sallau na jin wani daɗi da ya fi na ranar da ya fara murɗa makulli, amma ya ƙi yarda ya kalli gefensa. Sai da gidajen Magarya suka fara bayyana dattijon ya gyara ƙafarsa ya yi gyaran murya.

"Sallau."

"Na'am, Bappa."

"Kasuwa mai zuwa, in za ta mutu, ka ce mata ta mutu kusa da ruga. Nan ɗin ya yi mini nisa."