Dusa Ba Ta Tashi a Afrilu

"Ba zan sa hannu ba," in ji Mikail.

"Ka karanta takardar kuwa?"

"Na karanta, Malam. Sau biyu. Kai ka koya mini karatun ai."

Malam Dzarma ya sauke takardar, ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa 'yan aji huɗu a zamanin da yake koyarwa. Yanzu ya yi ritaya. Shi ne sakataren kwamitin wuta na layinsu a Bolori, kuma maƙwabcin gidan su Mikail ne tun kafin a haifi Mikail ɗin. Da shi da marigayi uban Mikail suka kafa rumfar injin niƙan nan da suke tsaye a bakinta.

"Gida sittin da huɗu sun sa hannu," in ji Malam. "Bulama mai unguwa ya sa. Liman ya sa. Fasto ya sa. Kai kaɗai ne mai hankali a Bolori?"

"Su ba su da inji."

"To shi ya sa nake zaryar zuwa wurinka kamar mai neman aure!"

Gaskiya ne, zuwansa na biyar ke nan. Wani kamfani ne ya zo da maganar kafa manyan fankoki uku a filin bayan unguwa, iska ta juya su, su ba da wuta, a tara saura a batir. Sharaɗin shi ne layinsu ya fita daga babban layin ƙasa na shekara goma sha biyar. Masu wutar gari ba su ja ba, da gudu suka yarda. Wannan saurin yardar ma ya dami Mikail. Amma kamfanin ya ce gidaje ƙwan fitila da fanka kawai suke kunnawa, ba za su riƙe aikin ba. Sai an samu mai shan wuta da yawa da rana. Kaf layin kuwa mutum ɗaya ne, Mikail da injinansa biyu, na surfe da na niƙa. In bai sa hannu ba, babu fankoki.

"Sun ce wutar za ta fi araha," in ji Malam. "Iska kyauta ce. Wa ya taɓa kawo maka takardar kuɗin iska?"

"Ranar da ta tsaya fa?"

"Iska ba ta tsayawa."

"A garinku Biu ba ta tsayawa. Nan Yerwa ne, Malam. Ba mu da dutse."

Malam ya cire hula ya share gumi. Ya sassauta murya, abin da Mikail ya fi tsoro ke nan.

"Ka manta shekara biyun da muka yi a duhu bayan an kayar da turakun layin Damaturu? Ni ban manta ba. Yanzu ma awa nawa ake ba mu? Firjina ya zama kabad. Allurar sugan Mamanka Phebe a cikin tukunyar ƙasa nake ajiye ta, na binne a jiƙaƙƙen yashi, ina yayyafa ruwa kamar mai rainon shuka. Watan jiya kwalba ɗaya ta lalace. Da ubanka yana raye..."

"Kada ka sa Baba a ciki."

"Zan sa shi!"

Mama Phebe, matar Malam, ita ce ta riƙa aiko wa Mikail da tuwo wata uku bayan rasuwar uwarsa. Ya san tukunyar, ya sha ganin ta a bayan ƙofa. Amma ya san injinsa ma. Daga shi ƙannensa uku suke ci, da matan nan shida masu sheƙar dusa a gefen rumfa.

"Ka kawo injiniyarsu gobe," ya ce. "Ƙarfe biyu na rana. Ba da safe ba, ba da yamma ba."

"Me ya sa sai biyu?"

"Ka dai kawo ta."

Washegari tun hantsi aka ɗauke wuta. Mikail ya tayar da tsohon injinsa na dizal ya gama surfen buhu biyu na masara, sannan ya kashe. Haka yake yi kullum: in aikin ya kai a ƙona mai, a ƙona, in bai kai ba, a jira.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna keke-napep ya sauke Malam da wata budurwa mai hular roba da jakar kwamfuta. Edith sunanta. Ta gaida kowa da ladabi, har ta yi wa matan "wushe" da Barbarci, suka yi dariya suka amsa. Mikail ya so a ce mai girman kai aka turo, da faɗan ya fi sauƙi.

Ta buɗe kwamfuta a kan benci, ta nuna masa wani zane mai hawa da sauka.

"Wannan ƙarfin iskar filin nan ne. Mun kafa sanda mun auna. Ka ga yadda ta yi sama?"

"Yaushe kuka auna?"

"Wata uku cur."

"Waɗanne watanni?"

Ta duba. "Disamba zuwa Fabrairu."

"Na ga sandar. Na ga ranar da aka cire ta ma." Ya juya ga matan. "Ya Ruƙayyatu, don Allah nuna wa injiniya."

Ya Ruƙayyatu ce babbar masu sheƙa, shekararta ashirin a gefen wannan rumfa. Ta miƙe a hankali, ta ciko ƙwarya da surfaffiyar masara, ta ɗaga sama da kanta, ta karkata. A ƙa'ida iska ce za ta kwashe dusa ta yi gefe da ita, ƙwaya ta faɗo cikin kwano ita kaɗai. Yau kuwa dusa da ƙwaya tare suka sauko, a miƙe kamar igiya. Ko ƙura ba ta kauce ba.

Ta sake. Haka.

"Kin gani, 'yata?" in ji ta. "Daga ƙarshen Maris har hadarin farko, da rana haka take mana. Wata rana ta zo da haukanta ta kwashe kwanon rufi, kwana biyar kuma ko gaisuwa babu. Shi ya sa muka sayi wancan." Ta nuna wata tsohuwar fanka mai tsayi da aka jingine da bango, wayarta a naɗe. "In an kawo wuta, mu kunna ta ba mu iska. Yanzu ke kin ce iska ce za ta ba mu wuta. To wa zai fara?"

Matan suka kwashe da dariya. Edith ma ta murmusa, ba ta ji haushi ba.

"Mama, iskar ƙasa daban, ta sama daban. Fankokinmu dogaye ne, sun fi bishiyoyin nan tsayi nesa."

"Yawwa, kin ji ko?" in ji Malam, yana kallon Mikail.

Ya Ruƙayyatu ta kama hannun Edith ta fito da ita rana, ta nuna mata dogon ƙarfen kamfanin waya da ke bayan masallaci. Can kusa da ƙololuwarsa wata baƙar leda ta maƙale.

"Tun bikin 'yar Babakura ledar can take wurin. Kullum in na fito ita nake fara kallo. In tana kaɗawa, in bar fanka a ɗaki. In tana rataye, in ɗauko. Ya kike ganin ta?"

A rataye take, kamar mataccen jemage. Edith ta daɗe tana kallo, hannunta a goshi. Malam ma ya kalla, sai ya mayar da ido kan takalminsa.

"Akwai batir," in ji Edith.

"Awa nawa batirin zai ja injin surfe?" in ji Mikail.

"Ba don manyan injina aka yi shi ba. Don fitilu ne da firji."

"To ni fa?"

"Akwai janareta na ko-ta-kwana."

"Mai shan me?"

"Dizal."

"Shafi na bakwai," in ji Mikail. "Malam, karanta mana shafi na bakwai. Da ƙarfi, yadda kake sa mu yi a aji."

Malam ya buɗe, ya gyara tabarau, ya fara da Turanci, sai ya tsaya. Edith ce ta fassara, kuma ba ta ɓoye komai ba. Duk wata uku za a sake duba farashi gwargwadon man da janareta ya sha. Masu manyan injina ne za su ɗauki kaso mafi girma, tunda da rana suke aiki. Kuma mai inji dole ya sha wani adadi na wuta kowane wata, ko ya sha ko bai sha ba a biya.

"Wato a lokacin sanyi wuta ta yi araha, a ɗauki hoto, a sa a rediyo," in ji Mikail. "Zafi ya zo, iska ta kwanta, ku kunna janaretanku, ni in sayi man. Dizal ɗin da nake gudu, shi zan saya, ta hannunku, da ribarku a kai. Nawa injin in na ga ba riba sai in kashe. Naku ba ni da makullinsa."

"A shekara gaba ɗaya lissafin yana daidaita," in ji Edith.

"Lissafin wata ukun?"

Ta mayar da ido kan kwamfutar. Mikail ya ci gaba.

"In abin bai yi ba, zan iya komawa tsohon layi?"

"Masu wutar gari za su kwashe taransifomar su kai wata unguwa. Haka tsarin yake. Ba a haɗa layi biyu a wuri ɗaya."

"Wa ya yi tsarin?"

"Hukuma."

"Su manyan da ke GRA fankar za a kafa musu?"

"Mikail!" in ji Malam. "Baƙuwa ce."

"Tambaya na yi."

Zafi ya danne rumfar. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas. Mikail ya ji haushin kowa: masu wutar gari da suke neman hanyar yar da su, kamfanin da ya auna iska a watannin da ko makaho ya san da ita, Malam da ya yi shekara talatin a Yerwa har yanzu yana jin iskar garinsu a fatarsa. Ya ji haushin kansa ma, don ya san duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma gaskiyar ba za ta sanyaya kwalba ko ɗaya ba.

Ya ɗauki biro daga aljihun Malam.

"Layi biyu zan ƙara da hannuna. Na ɗaya, ranar da babu iska farashi ba zai wuce na wutar gari ba. Na biyu, a bar taransifoma a inda take shekara ɗaya, mu ga damina da bazara. In kun yarda, yanzu zan sa hannu."

Fuskar Malam ta washe. "To ai shi ke nan! 'Yata, wannan ai ba wani abu ba ne."

Edith ta ɗauki waya ta koma ƙarƙashin darbejiya. Suna jin ta tana "yes sir, yes sir", tana zana ƙasa da takalmi. Ya Ruƙayyatu ta zauna ta koma bakace da faifai, kaɗan-kaɗan, aikin da zai kai ta magariba. Da Edith ta dawo, ba sai ta yi magana ba, amma ta yi.

"Oga ya ce ba a taɓa takardar. Daga masu ba da kuɗin ta zo. Na ce masa a mayar da sandar a auna bazara, ya ce wa'adin tallafin ƙarshen watan nan ne." Ta rufe kwamfutar. "Ka yi haƙuri. Da ni ce da injin, ban san me zan yi ba."

Mikail ya mayar da marfin biro. Ya miƙa wa Malam.

Malam bai karɓa ba. Ya tsaya yana ninke takardar, biyu, huɗu, har ta ƙi ninkuwa. Bai yi tsawa ba, bai ambaci uban Mikail ba.

"Ka kayar da ni," ya ce. "Ɗalibina ya iya karatu. Shafi na bakwai, ban kai can ba, a kan kalmar firji na tsaya." Ya ɗaga kai ya kalli ledar, ya kalli wayar wuta da babu komai a cikinta tun hantsi. "Gida sittin da huɗu zan bi in gaya musu. Wannan aikina ne, zan yi."

"Malam, zan riƙa aiko da ƙanƙara in na samu."

"In ka samu."

Ya juya zai tafi, Edith ta bi shi da jakarta. Ya yi taku uku ya tsaya a tsakiyar rana, ya waiwayo. Matan suka dakata da bakace.

"Na ji, iska ba ta da alkawari. Masu wutar gari ma ba su da shi. To Mikail, daga nan zuwa saukar ruwa, allurar Mamanka a ina zan ajiye ta?"