Ranar da Wuƙaƙe Suka Tsaya a Majema

Saura wata ɗaya a sami mulkin kai, Maccido, wakilin wata maɗaba'a, ya jingina kekensa a ƙofar gidan Malam Attahiru a Ƙofar Marke. Bayansa ga Mode, malamin makarantar elemantare, riƙe da littattafai uku duk sun sha jan fensir.

Duk Sakkwato an san Attahiru da labaran aljannu da dodannin ruwa. Maɗaba'ar tana so ta haɗa littattafansa uku wuri ɗaya don bikin, da sunansa a bango. Mode, wanda maɗaba'ar ta ba littattafan ya duba, shi ne ya hana ruwa gudu.

"Baba, a yi mini aikin gafara," in ji Mode. "Labari ashirin ne. Goma sha biyu suna hana mutum cin tuwo. Takwas kuwa lami ne, ko yarana na aji uku sai hamma. Ba hannu ɗaya ya rubuta su ba. Wa ya ba ka masu kyan?"

Maccido ya sunkuyar da kai. "In ba a warware wannan ba, Malam, sunanka ba zai hau bango ba."

Attahiru ya shuri takalmansa. "Ku biyo ni. Kai ɗan boko, riƙe fensirinka da kyau, kak ka yar."

Majema ya kai su, inda ya yi shekara talatin yana jima kafin ya kama alƙalami. Warin fata da ruwan bagaruwa ya sa Mode toshe hanci. Mutum goma sha biyar na duƙe suna kankare fatun jar akuya, ƙarar wuƙaƙe ko'ina.

"Ga maƙaryacin Ƙofar Marke!" in ji Lawali, shugabansu. "Yau wane aljani munka samu?"

"Malamin ga zai fara," in ji Attahiru. "Karanta musu wanda ka fi tsana."

Mode ya karanta na sarkin tsuntsaye. Wuƙa ko ɗaya ba ta tsaya ba. Wani ma ya tambayi na kusa da shi ko ya ga akuyarsa.

Sai Attahiru ya zauna bisa turmi, ya soma wani sabo fil, na masuncin da aljanar gulbin Rima ta sace wa inuwa ta ɗinka riga da ita. Masuncin ya bi ta ƙarƙashin ruwa, ya tarar da kasuwa inda kowa ke sanye da inuwar wani. Wuƙar farko ta tsaya. Ta biyu ta bi. Da masuncin ya hangi inuwar mahaifinsa a jikin mahauci, majema ta yi tsit.

Nan Attahiru ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Kai tsoho, zamna!" Lawali ya daka tsawa. "Mi ya faru da shi? Fatata na bushewa!"

Attahiru ya juya wurin baƙinsa. "Sha biyun nan, nan na fara faɗinsu. Inda wuƙa ta ci gaba da aiki, in koma gida in gyara, har sai sun tsaya. Takwas ɗin, maɗaba'a ta aiko a cika shafi cikin mako biyu, na rubuta ni kaɗai a zaure. Ba su taɓa shaƙar warin ga ba."

Mode ya daɗe da sakin hancinsa. "To a cire takwas ɗin, Baba."

"Kul! Su ma nawa na. A buga ashirin, a sa sunana da manyan baƙaƙe."

Maccido ya rubuta haka a takardarsa. Mode ya soke fensir a aljihu, ya jawo wani turmi.

"Baba, masuncin fa?"