Gidan Malamin Dabbobi

Maccido ya cire takalmansa a ƙofar zauren hakimi, ya tarar an riga shi zuwa. Atu ne zaune a kan benci, ya jingine sabon kekensa a jikin bango, agogo yana ƙyalli a hannunsa. Suka gaisa gaisuwar ’ya’yan wa da ƙane, amma Maccido ya koma can gefe ya tsuguna.

Shekara da shekaru shi ke yi wa shanun ƙasar Tambuwal allura, yana zaune a gidan En’e, hukumar gargajiya, na bayan kasuwa, mai rufin kwano da rijiya a tsakar gida. Bayan samun ’yancin kai aka ce aikin sai mai takardar shaida. Aka mai da shi Kebbe, aka ce ya bar gidan kafin damina. Wanda aka turo ya gaje shi kuwa Atu ne. Aji ɗaya suka zauna a elementare. Shekarar da aka zo ɗibar yara zuwa makarantar midil a Sakkwato, uban Maccido ya ɓoye shi a rumbu, aka tafi da Atu.

Maccido ya kai kuka, yau kuma wakilin En’e ya zo daga Sakkwato don ya saurare shi.

Da aka kira su, ya durƙusa ya yi bayani. Shi bai ƙi tafiya ba, amma mahaifiyarsa Inno ba ta iya taka ƙafarta, malamin asibiti ke zuwa gida yana wanke mata gyambon. In ruwa ya sauka, hanyar Kebbe ba ta biyuwa. Roƙonsa a bar iyalinsa a gidan.

Wakili ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce gidan na aiki ne, wanda ke riƙe da aikin shi ke zama a ciki. Maccido ya sunkuyar da kai. Dama abin da ya zata ke nan, har ya shirya yadda zai ba da labarin a kasuwa.

Sai Atu ya gyara zama.

“Ranka shi daɗe, Inno uwata ce ni ma. Ban aje iyali ba tukuna, ɗaki guda ya ishe ni gidan kawuna. A bar musu wanga gida.”

Zauren ya ɗauki sa albarka. Hakimi ya ce ga amfanin ilimi nan. Wakili ya sake tambayar sunan Atu, ya ce zai ambace shi a Sakkwato. Daga nan idanu suka juyo kan Maccido.

“Na gode, Malam Atu,” ya ce. Bai taɓa kiransa Malam ba sai ran nan.

A waje Atu ya ce ya hau keken ya kai shi gida. Maccido ya ce zai biya kasuwa. Kafin ya wuce rumfar mahauta, mutum biyu sun tare shi suna cewa Allah ya ba shi ɗan’uwa.

Labarin ya riga shi isa gida. Tun daga zaure ya jiyo Inno a ɗaki tana jero wa Atu addu’a, tana cewa tun yana yaro ta san zai zama mutum. Matarsa Zahara’u tana tsakar gida tana kwance kayan da ta ɗaure, fuskarta a sake. Ya tsaya yana duban rijiyar, da rufin kwanon, da bangon da ya sha yi wa yaɓe. Daga yau duk wanda ya wuce zai nuna gidan ya ambaci Atu.

“Mai da ɗaurin,” ya ce. “Jibi za mu Kebbe.”

Zahara’u ta saki igiyar. “Ba an bar muna gidan ba, Malam?”

“An bar muna.”

“To, Inno fa?”

Ya dubi ƙofar ɗakin tsohuwar, inda addu’ar ba ta yanke ba. Ya juya ya fita neman masu jakuna.