Kujerar Takabar Amamata

"Ajiye gudumar nan, Karimatu. Katakon pecan ba ya shan ƙusa haka kawai, sai an huda."

Kafin ya rufe baki katakon ya tsage. Haushi ya kama ni. Ni da na hau sama don in yi masifa kan ƙarar gudumar da ke ta suɓuce masa, ta hana ni barcin rana, ga ni durƙushe a falon Baba Gariba, tsohon kafinta maƙwabcina a unguwar Stratford, nan ƙasar Turawa, ina yi masa aiki. Asibiti sun sallamo shi, sun ce babu sauran magani. Hannunsa ko kofin shayi ba ya riƙewa, amma bakin nan yana nan daram.

Kujera yake so ya gama wa matarsa Amamata kafin ya tafi. Mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, duk kujerar kanti da ta hau sai ta baje.

"Takaba zai zauna," ya ce da Hausarsa ta zango, wadda ba ta bambanta mace da namiji. "Ba zan bar shi a ƙasa ba."

Katakon ragowar daɓen wani gida ne a unguwar Marylebone. Ya ajiye shi shekaru ƙarƙashin gado har ya bushe sarai, don ɗanyensa murɗewa yake yi. Ja-ja ne da ratsin fari, ga nauyin tsiya. Ya dakusar da zarto, ya ƙona bakin drill, injin huda, ya kumbura min tafin hannu. Ina hudawa, ina goga wa screw, ƙusa mai murɗi, sabulu, shi yana kwance yana kushe ni. Kullum muryarsa raguwa take, tsoro ya cika ni, sai na riƙa tahowa tun da safe.

Da muka gama ya ce, "Amamata, zo zauna."

"Alhaji, za ta karye ka ji kunya."

"Zauna da ƙarfi."

Ta saki jiki gaba ɗaya. Shiru. Ta jijjiga, ta ɗaga ƙafafu sama. Ko motsi kujerar ba ta yi ba. Baba Gariba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana dukan katifa da tafi. Ni kuwa guɗa na rangaɗa, duk wanda ya ga dama ya kai ƙarata council, hukumar unguwa!

Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Jiya na kai mata tuwo. Na same ta bakin taga a kan kujerar, carbi a hannun dama, babban yatsan hagunta yana shafa tsagar nan da na yi, wadda ya sa na cike da gam da garin katako.