Kuran ɗin Kolo

Kande ta jira sai da kiɗan ya hau sama, irin ƙarar da abin ke yi idan Kolo ya kusa cinye fili, sannan ta miƙa hannu ta zare wayar daga bango. Gidan maƙwabcin ya yi tsit. Ta koma kan tabarma ta ci gaba da tsince geronta, zuciyarta fes.

"Kande!" Muryar Kolo ta tsallako katanga a karkace, yadda take fita tun da ɓarin jikinsa ya shanye. "An ɗauke kuran ne?"

"An ɗauke."

Rediyonta na kan taga yana ta zuba labarin farin bana, kuma a wuta yake jone. Ko rage shi ba ta yi ba.

"To, Allah ya kawo," in ji shi, har da 'yar dariya.

Dariyar nan ce ke ƙona mata rai. Ɗanta Tahiru ne ya ja wayar daga ɗakinta, ya haurar da ita katanga zuwa rumfar Kolo, saboda tsohon direban ba shi da kuran, wato wutar lantarki, a gidansa. 'Yarsa Barira ce ta samo masa wata tsohuwar kwamfuta mai mataccen batir, ba ta tashi sai a jone. Tahiru ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne. Kande ba ta hana ba, don lokacin ba ta san abin da za a kunna ba.

Wasa ɗaya tak Kolo ke yi a ciki. Wani ƙwallo ne rawaya mai baki, yana bin lunguna yana haɗiye ɗige-ɗige, dodanni suna farautarsa. Samarin Birni da suka saba da wasannin harbi sukan leƙo su yi masa tsiya, su ce wannan ai na kakanni ne, sai kuma ka tarar sun tsuguna sun kasa tafiya. Hannu ɗaya ya ishi mai yin sa, hannu ɗaya kuwa shi ya rage wa Kolo.

Kande ba ta taɓa tsayawa ta kalli wasan ba, amma ta san kiɗan tun kafin a haifi Tahiru. A farin shekarar tamanin da huɗu suna ƙauyen Hamdara, Kolo ne ke jan kamiyon, babbar motar da ke ɗauko wa gari dawar agaji. Ɗanta na fari ya kwanta da ƙyanda a kan yunwa. Kolo ya ce ta shirya, da azahar zai dawo ya kai su likita. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Ta goya yaron ta kama hanya, wani mai amalanke ya tausaya ya ɗauke su. Kafin su shiga Damagaram ta ji goyon ya yi nauyin da ba na barci ba.

A bakin tasha ta ga kamiyon, cike da buhuna, a ajiye gaban shagon wani Bakano da ya kawo akwatin wasa. Kiɗan nan na fitowa daga ciki. Ta ga bayan Kolo a duƙe, mutane sun kewaye shi suna shewa. Ba ta shiga ba, shi ma bai juyo ba. Washegari ya zo gaisuwa ya ce mota ce ta lalace masa a hanya, aka ce masa Allah ya kiyaye gaba.

Yunwa ta watse da mutanen unguwarsu, ita da mijinta suka dawo Birni, Allah kuma ya haɗa su katanga ɗaya da Kolo. Mijin ya rasu, tsofaffin da suka san yaron suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kande kuwa, kamar kowace uwa mai kunya, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, yana raye ko bayan ransa. Kolo ne ke kiran sa, da ƙarfi, yana ɗaga shi sama ya zaunar da shi gaban sitiyari. Yanzu duk duniya su biyu suka rage da sunan a ka, ita kuma bakinta ba zai iya ba.

Abin da take so ke nan, ba wani abu ba. Ya gaji, ya tambaye ta dalili. Ta faɗa masa abin da ta gani a tasha, ta tsare shi da ido har sai ya ambaci yaron da sunansa, ya ce shi ne. In ya so sai ta ga ko za ta yafe, kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Shi ya sa kullum take zarewa, kullum kuma take mayarwa kafin magariba, don ta samu abin zarewa gobe. Ta ƙware har ta wuce misali. Daga kunne kawai ta san lokacin da yake gudu, da lokacin da ya juyo ya kori dodannin, da lokacin da hannunsa ya fara gajiya. Ba ta katsewa sai yana kan nasara.

Wata safiya Barira ta shigo da mayafi a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ko ƙarar abin Baba ce ke damunki? Sai in rage masa."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a. Shi cewa ya yi in ƙyale ki, wai gidanki ne, kuran ɗinki ne."

"To ki ƙyale ni."

"Jikin nasa fa ya yi nisa, Inna. Ko kunu ba ya wucewa sosai. Abin nan kaɗai ke sa shi ya tashi zaune."

"Yana da baki, Barira. In yana da magana, katangar ba ta da tsawo."

Barira ta fita tana share ido. Kande ta ji kunya ta ɗan lokaci, sannan ta ji haushin kunyar, ranar kuwa sau biyu ta zare.

Ran Laraba zafin bazara ya sauko tun hantsi. Famfunan unguwa sun ƙafe, Barira ta kwashi bidojin ɗiban ruwa ta tafi bin layi, Tahiru yana kasuwa. Kande ta ji an kunna. Ta jawo kujerarta kusa da bango, ta ɗora yatsu a kan wayar. Yau hannunsa da kyau, ya cinye fili, ya shiga na gaba, ya cinye. Ta ce a ranta bari ya ƙara nisa, don ya fi jin zafi.

Sai ta ji an kama shi a wurin da bai saba kamuwa ba. Ta taɓe baki. Kiɗan ya sake farawa, ƙwallon ya haɗiyi 'yan ɗigo kaɗan, ya tsaya. Babu gudu, babu juyi, sai kukan dodannin yana kewayawa har suka iso shi. Aka sake farawa, ya sake tsayawa a daidai wurin. Kande ta janye hannunta daga wayar. Ba ta taɓa jin Kolo ya tsaya ya jira a cinye shi ba.

"Kolo," ta kira. "Malam Kolo."

Ta ɗauki mayafi ta fita ba takalmi, yashin lungu yana ƙona mata ƙafa. Rabonta da tsakar gidan nan tun sunan Barira. Yana jingine da bango ƙarƙashin rumfa, kansa ya karkata, hannunsa mai lafiya ya zamo daga kan maɓallan ya faɗi a cinya. Ta yi salati, ta shafa masa ido ya rufu.

Sannan fushi ya taso mata, wanda ya fi na duk shekarun nan.

"Ka tafi da sunan ke nan?" ta ce. "Na gan ka a tasha, Kolo. Motarka lafiyarta lau. Na gan ka da idona."

Babu kowa a gidan sai akuya ɗaure a turke. In ma ta faɗi sunan yaron, ba mai ji balle ya ce ta yi rashin kunya. Ta buɗe baki, ta kai harshe inda harafin farko yake. Ta daɗe a haka, sannan ta rufe.

Ƙudaje sun fara sauka a gefen bakinsa. Kande ta zauna a ƙasa, ta kama bakin mayafinta, tana kore su a hankali, har ta jiyo ƙarar bidojin Barira daga bakin lungu.