Amsar da Injiniya Ya Shirya wa Jikarsa

"Goge wannan, Maƙwabciya," in ji Injiniya. "Kada ki ce mata hamsin cif. Ki ce wajen hamsin."

Mai ɗinki ta goge, ta sake rubutawa a wayarsa. Magani kawai ta shigo miƙa masa, ta bar rigar mutane a bakin keke, sai ya tsare ta, don idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Shekara talatin ya yi a rijiyoyin mai yana ƙiyasta abin da ya rage a ƙasa. Tun rasuwar matarsa yake haya a ɗakin da ke jikin nata, shi kaɗai.

Jikarsa ce ta bugo ranar Lahadi, karo na farko cikin wata biyar. An ba su aiki a makaranta: saura shekara nawa ɗanyen man duniya ya ƙare? Kafin ya gyara murya aka kira ta, ta kashe. Kwana uku ya yi yana shirya amsa.

"Rubuta: a ɗauki man da aka tabbatar yana nan, a raba da wanda ake haƙowa a shekara. Amma ki ƙara, ko da na fara aiki cewa aka yi saura arba'in."

"To Baba, wa ya yi ƙarya?"

"Babu. Ana gano sabo, ana koyon tatsar tsoho. Kuma rijiya ba ta ƙafewa rana ɗaya, ja da baya take yi har a haƙura da ita."

"Wannan ai ya yi wa 'yar aji biyar yawa."

"Jinina ce, za ta gane," ya ce, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ta aika zuwa wayar 'yarsa, uwar yarinyar. Daga ranar, kullum da safe sai ya miƙo mata wayar ta taga. "Duba mini, ta amsa?" Ranar Juma'a ta so ta ce masa e, bakinta ya ƙi.

"Wataƙila ba su da caji, Baba."

"Wataƙila," ya ce, ya mayar da wayar aljihu.

Ranar Asabar tagar ba ta buɗe ba. Da hantsi ta kira mai gidan haya ya zo da makulli. Suka same shi a kujera, ya yi wanka ya sa riga mai guga, rai ya yi halinsa, jikinsa har ya yi sanyi.

Da wayarsa ta kira 'yar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Baba, ina cikin aiki, zan kira ka anjima."

"Ba shi ba ne," in ji mai ɗinki.

Da suka zo, kwana huɗu suka yi, uwa da 'ya. Ranar da suke kwashe kaya, mai ɗinki ta ja yarinyar gefe.

"'Yata, kin ga saƙon Kakanki?"

"Mama ta nuna mini. Amma mun riga mun miƙa aikin tun waccan Litinin, kafin saƙon ya iso." Ta sunkuyar da kai. "Yana da tsawo. Zan karanta."

Bayan motarsu ta tashi, mai ɗinki ta ɗauki tsintsiya ta share baranda. Da ta zo ƙofarsa ta same ta a buɗe, ta shiga ta share ɗakin har lungu. Inda gadon yake, siminti ya fi sauran haske. Ta tsaya a wurin da tsintsiya a hannu, rana tana shigowa ta tagar da aka cire wa labule.